Tabon da Na Kankare

Sunana Hamsatu, amma daga bakin babban gwatan Nima har cikin Maamobi, in ka ce Mma Mai Tukunya an san wadda kake nufi. Shekara ashirin da shida ke nan ina sayar da waakye, shinkafa da wakenmu na nan Ankara ta Gana, a ƙofar wata makarantar firamare. Abu biyu aka san ni da su. Na farko tukwanena: wanda ba shi da madubi a gida yana iya zuwa ya gyara zaman hularsa a gindin tukunyata. Na biyu ajiya. Mai tafiya ƙauye ni yake kawo wa makullin ɗakinsa, mai tafiya Makka ni take bar wa akwatinta. Wata ta taɓa bar mini keken ɗinki ta tafi neman arziki shekara huɗu, ta dawo ta tarar ya fi ranar da ta saye shi ƙyalli. Uwata ce ta koya mini cewa ba a mayar da kwanon maƙwabci da datti, ni kuwa na riƙe maganar har na wuce gona da iri. Ba ni da gida na kaina, ba ni da gwal. Sunan nan na mai amana shi ne duk abin da na tara a duniya.

A farkon shekarar nan shugabar makarantar, Malama Lauratu, ta kawo wata Ba'indiya mai suna Kalpana ta riƙa koya wa yara kiɗa duk ranar Laraba. A nan Ankara aka haife ta, ubanta ya daɗe yana da shagon atamfa. Tonancinta, yaren Asante, ya fi nawa, da shi muke magana, mu cike da ɗan Turancin kasuwa. Tasi ke sauke ta da kaya kamar mai ƙaura: gangunan ƙabilar Ga, 'yan asalin Ankara, dondo irin na Dagomba, jembe, da wata 'yar gangar Larabawa mai siririn ƙugu. Amma akwai biyu da ba ta yarda direba ya taɓa, da hannunta take sauke su. 'Yan ƙasarsu ne, ana ce musu tabla. Ɗaya ƙarama ce ta itace, ɗaya babba ta tagulla mai ciki kamar tukunyar miya.

Koyarwarta ta ba ni mamaki, har na ce a raina an kawo wa Malama Lauratu 'yar damfara. Mako uku cur yaran ba su taɓa ganga ba. Sai dai su tuɓe takalma, su zauna a tabarma, ita ta faɗa da baki su maimaita: dha, dhin, dhin, dha. Su tafa, su ƙirga da yatsu har goma sha shida, su koma ɗaya, kamar mai jan carbi. Wai abin da bakinka bai iya faɗa ba, hannunka ba zai iya ba. Jikata Nasira tana cikinsu, 'yar aji biyar, ta ishe ni da dha dhin a gida har a bakin famfo.

Ni ba na shiga ajin. In an koma daga tara, ciniki ya lafa, sai na jawo bencina ƙarƙashin taga na jingina da bango. Ba na ganin komai sai bayan kawunan yara da kafaɗar malamarsu. Amma ina ji. Ƙaramar gangar tana ƙara tas-tas, ba ta dame ni ba. Babbar ce matsalata. Tana gurnani daga can ƙasa, ta lanƙwasa murya ta ɗago kamar mai tambayar lafiyar mutanen gida. In ta fara, sai hayaniyar titi ta ja da baya, masu tirotiro, motocin hayarmu, suna kiran fasinja, Sakul, Sakul, amma kamar daga wani gari. Sai in ga bangon makarantar ya yi laushi, in ga kaina ina 'yar shekara tara, ba takalmi, a lungunmu na Nima.

Babana Abdulai makaɗin taushi ne, Bagobiri, ya biyo fataken goro ya zo ƙasar nan bai koma ba. Taushi ganga ce mai kamar akushi, da yatsu ake kaɗa ta. Yana zuwa suna, yana zuwa biki, yana zuwa ƙofar sarkin zango. In ya dawo da la'asar, tun daga bakin lungu yake sanar da ni, ba da baki ba, da taushi: Hamsatu, kawo ruwa, Baba ya dawo. Ko me nake yi sai in yar, in ɗebo ruwa a moɗa in tare shi a ƙofa. Ina shekara goma sha biyu ya rasu. Yayyena maza babu wanda ya gaje shi, wannan direba, wancan tela, aka rataye taushin a ƙusa. Daminar da ta biyo baya, gwata ya cika ya shigo mana har ɗaki. Da idona na ga taushin ta fita ta ƙofa a kan ruwa, tana juyawa a hankali, ba ta sauri, kamar ta san inda za ta.

A shekarar ne yayata ta fara kai ni silima, irin marar rufin nan, muka kalli fim ɗin Indiya. Ana cikin waƙa na ji wata ganga a ƙarƙashin muryar mawaƙiyar. Na cafke hannun yayata na ce ga taushin Baba can, gwata ya kai ta teku, teku ya kai ta Indiya. Ta sakar mini ranƙwashi. Amma ni na yarda, kuma gaskiya har na tsufa wani sashe na zuciyata bai daina yarda ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, kalmomin kiran nan suna nan a bakina, amma kiɗan ya ɓace mini. Na sha gwadawa a kan murfin tukunya, sai in ji kwaram-kwaram kawai.

Wata Laraba a cikin watan Yuni aka tsuge da ruwa tun kafin a tashi. Tasin Kalpana ya maƙale can wajen Kokomlemle bai iso ba. Aka tura sauran gangunan ofis, aka lulluɓe da leda, amma tabla ba ta son danshi, ofishin kuwa yana yoyo. Kalpana ta rungumi ƙaramar a ƙarƙashin lema, babbar ta gagare ta. Malama Lauratu ta nuno ni.

"Anti, ka ba Mma Hamsatu," in ji ta. "Shi ne bankinmu a nan. Ko allura ka aje wurinshi, zai dawo maka da zare."

Kalpana ta dube ni, ta dubi jakar da babbar take ciki, ta ɗan yi jinkiri. Sannan ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce mako mai zuwa za ta karɓa. Na ce ta kwantar da hankalinta, kamar tana ɗakinta ne.

Washegari da na tashi daga ciniki na ga jakar ta jiƙe ta gindi, sai na fito da gangar don ta sha iska. Ranar na fara ganinta ido da ido. Na ce wayyo, wannan baiwar Allah ba ta da mai taya ta aiki! Tagullar ta dushe, ta yi kore-kore a wajen igiyoyi. A kan fatar kuma ga wani baƙin tabo, faɗinsa ya kusa tafin hannu, ba ma a tsakiya ba, can gefe, ya bushe ya tsattsage kamar ƙanzo. Nan take na yanke hukunci: wani marar tarbiyya ne ya ɗora mata butar shayi daga kan wuta. Raina ya ɓaci a madadinta. Na yanko lemon tsami, na ɗebo toka, na bi tagullar har sai da na ga haƙorana a ciki. Sannan na jiƙa tsumma na hau tabon. Ya yi gardama, na sa bayan cokali. Ruwa baƙi ya riƙa gangarowa ta yatsuna, ni kuwa har da 'yar waƙata. Da na gama na shanya ta a inuwa na tsaya ina kallo, ina jin daɗin kaina.

Da ta bushe na ɗan ƙwanƙwasa ta da yatsa, don marmari. Sai na ji faf, kamar an bugi kwali. Na sake. Faf. 

Ina tsaye a kanta Nasira ta dawo daga makaranta. Ta kalli fatar, ta ɗora hannu a ka.

"Kaka! Ina baƙin?"

"Na wanke."

"Kaka, nan ne muryan yake! Anti ya ce ko gumi ba a bari ya taɓa shi. Gangan babanshi ne fa, kuma baban ya mutu."

Na zauna daɓas a kan turmi. Ni, 'yar makaɗi! Ni da nake riƙe wa babana gwangwani yana narka nake, ɗankon da ake liƙa wa fatar taushi don ta yi murya! Nasa dai a tsakiya yake, mai laushi, ana sabunta shi. Wannan a gefe yake, ya bushe, shekara hamsin kuma ta shiga tsakani, hannuna ya riga kaina isa. Duk wannan uzuri ne, kuma uzuri ba ya mayar da murya. Garin neman gira na rasa ido, idon ma ba nawa ba.

Ba zan ɓoye ba, ƙarya ta zo mini, da shirinta tsaf. Ai jakar ta jiƙe, kowa ya ga ruwan ranar. In na ce ruwan sama ne ya cinye tabon, wa zai musa wa Mma Mai Tukunya? Kwana guda ina juya ta a baki. Amma in na yi ta, sunan zai tsira, ni kuwa na san babu komai a cikinsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, rana ta buɗe, gari ya yi lumshi da zafin bayan ruwa. Na jingina a bencina gyangyaɗi ya ɗauke ni. Sai na ga ruwa ya cika harabar makarantar, tsit, mai haske, ba irin na gwata ba. Ganguna suna yawo a kai, na Ga da dondo da jembe, yara suna zaune a cikinsu suna tuƙi da cokula. Matan silima masu dogon gashi suna shanya atamfa a kan rufin aji uku. Can ƙarƙashin bishiyar darbejiya babana yana zaune a kan buzunsa, ruwan bai taɓa shi ba, yana murza wani abu tsakanin babban yatsa da manuni. Bai ɗago ba. Ya ce, yadda ya saba cewa, nake ba a zuba shi, lallashinsa ake yi. Na farka da warin kakin zuma a hancina, ga wani yaro yana ta cewa a sa masa taliya da ƙwai.

Asabar da safe na hau mota zuwa Kasuwar Malam Atta. Na sami kakin zuma wajen wata tsohuwa mai sayar da zuma a kwalabe, na sayi man kaɗe mai kyau. Saura abu na uku. Babana yana haɗawa da baƙin tukunya, wanda ya shekara yana taruwa, ya ce shi ke ba nake nauyi. Na dawo gida na kife tukwanena goma sha ɗaya a tsakar gida ina dubawa. Ko ɗigo babu. Shekara ashirin da shida ina yaƙi da baƙin tukunya, ranar da na neme shi ya yi mini yaji.

A duk layinmu mutum ɗaya ce ke da shi a wadace: Mubarika mai koko, wadda teburinta ke kallon nawa. Mutuniyar arewa ce, kokonta ba na biyu, amma gindin tukunyarta sai ka rantse tun zamanin mulkin Turawa ba a taɓa shi ba. Na sha faɗa mata. Na faɗa a gabanta, na faɗa a bayanta, har suna na sa wa tukunyar, ina ce mata Daren Ashirin da Tara ga Wata. To, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na ɗauki gwangwanin madara da cokali na tafi gidanta a Kotobabi.

Ta saurare ni har na gama, ta riƙe haɓa.

"Ei! Hamsatu, kai ne? Kai ne ka zo roƙon baƙi na tukunya na?" Ta leƙa waje ta ƙwala wa matan gidan kira. "Ku zo ku gani o! Mma Mai Tukunya ya zo sayen datti!"

Na haɗiye. Na ce ta yi dariyarta ta ƙoshi, ta cancanta. Ta yi kuwa, har da hawaye. Sannan ta kife tukunyar da kanta, ta karɓi cokalin daga hannuna, ta kankaro mini daga inda ya fi kauri. Da za ta miƙo ta ce, "Wanda ya yi kuskure ya yarda, ya fi wanda bai taɓa yi ba. Amma daga yau ka bar tukunya na ya huta, ka ji?" Na ce na ji.

Kwana uku ina aikin, da rana, bayan na tashi daga ciniki. Na narka kakin a kan kurfoti, murhun gawayi, na ɗiga man kaɗe, na barbaɗa baƙin Mubarika, na murza har ya daina kama yatsa. Inuwar tsohon tabon tana nan a fatar, a kanta na bi. In liƙa kaɗan, in danna, in ƙwanƙwasa, in saurara. Faf. In ƙara. Faf, amma da ɗan wutsiya. Hannuna yana yin abin da ban san ya adana ba, har yadda Baba yake lasar yatsa kafin ya shafe gefe. Ranar Talata da la'asar na ƙwanƙwasa, sai gangar ta ce dum, ta riƙe, ta saki a hankali. Tsigar jikina ta tashi. Ba muryar da nake ji ta taga ba ce, wata ce da na sani tun kafin in san kaina. Na yi maza na rufe ta da zane, don na ji tsoro.

Laraba da safe ban ɗora tukunya ba, karo na farko ba ciwo ba rasuwa. Na ɗauki gangar na tsaya a ƙofar ofis har tasi ya sauke Kalpana. Malama Lauratu tana wurin. Ban bari sun gama gaisawa ba.

"Anti, na ci amanarki," na ce. "Baƙin da ke kan gangarki na ɗauka ƙuna ce, na kankare shi. Ba ruwan sama ba ne, ba yara ba ne, ni ce da cokalina. Abin da za ki gani a kai yanzu ni na sa, shi ma ban tambaye ki ba."

Malama Lauratu ta dafe ƙirji. "Mma, ka kashe mu kwata-kwata! Wa ya aike ka?"

Kalpana ta matso. Ta durƙusa ta yaye zanen. Tagullar ta haska mata fuska, ta runtse ido. Ta daɗe tana kallon naken, ta taɓa shi da ɗan yatsa, ta shinshina. Sannan ta fara magana a hankali, ba ni take kallo ba. Ta ce a Indiya aka yi tabon nan tun ba a haife ta ba, wani gwani ne ya yi shi da garin ƙarfe, shafi a kan shafi, yana gogewa da dutse. Ta ce kullum babanta in ya rufe shago sai ya wanke hannu ya zauna da gangar nan kafin ya ci abinci. Tun da ya rasu, a nan kaɗai take jin sa.

Ta buga sau ɗaya. Dum.

"Wannan ba muryar babana ba ce," in ji ta.

"Na sani," na ce. "Ta nawa baban ce. Ita kaɗai gare ni, ita na sa."

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ban iya karanta abin da ke ciki ba. An riga an kaɗa ƙararrawa, yara talatin da biyu sun tuɓe takalma suna jira. Ta ɗauki gangar ta shige aji, ni na koma ƙarƙashin taga.

Suka yi ƙirgarsu, suka yi tafinsu. Da ta zo kaɗawa sai abin ya ƙi. Ita ta saba zame gindin tafin hannunta a kan fatar don ta lanƙwasa murya, naken kuwa yana riƙe hannu. Ta gwada sau uku ta tsaya. Ajin ya yi tsit, har ina jin kukan injin niƙa daga bayan masallaci. Sai na ji ta ce, "Mma Hamsatu, na san kina nan. Shigo. Ban san yaren gangar nan ba yanzu. Ke kika sa mata shi."

Na tuɓe silifas na shiga, na zauna a tabarma tsakanin 'yan aji biyar da gwiwoyina masu ƙara. Ban taɓa kaɗa ganga ba a rayuwata, a gidanmu mace ba ta taɓa taushi, riƙon gwangwani ne iyakarta. Na kai hannu, Kalpana ta tare.

"A ajina ba a taɓa ganga sai an faɗa da baki."

Kunya ta rufe ni. Na ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai karanta takardar asibiti: Hamsatu, kawo ruwa, Baba ya dawo. Yara suka ƙyalƙyale. Ta ɗaga musu yatsa, ta ce su maimaita. Suka maimaita. Ta ce su sake, da tafi. To, yara ba su iya faɗar magana a miƙe ba, sai sun yi mata rangaji. Suka ja Hamsatu, suka sare kawo ruwa gida biyu, suka sauke ya dawo a kan tafi. A karo na huɗu ko na biyar na ji wani abu ya motsa a cikin yatsuna. Na ce a'a, ba haka ba, ku ɗan jinkirta kafin Baba, yana shan numfashi a nan. Suka jinkirta. Shi ke nan. Shi ne. Hannuna ya sauka a kan fatar da kansa, yatsu uku a gefe, babban yatsa a kan nake, gangar ta faɗi maganar tiryan-tiryan yadda na bar ta a bakin lungu.

Kalpana tana kallon yatsuna ba ƙiftawa. Ta jawo ƙaramar gangarta ta fara zagaye kiɗan da tas-tas ɗinta. Ta yi wa Nasira alama ta ɗauki dondo, wasu suka kama na Ga, wani ya rungumi jembe, kowa ya sami inda zai tsaya a cikin maganar. Can ta zame babbar daga gabana ta sa nata hannun, ta kaɗa kiran da kanta, ba kuskure ko ɗaya.

Na rufe ido. Bangon ajin ya janye. Ga lungunmu da la'asar, rana ta yi ja a kan kwanon rufi, ƙamshin tuwon uwata, awaki suna hawa matakalar masallaci. Daga can bakin lungu ana kirana, ana matsowa. Ban san na tashi ba. Ban san na fita ba takalmi, na ratsa harabar, na buɗe randar da nake ajiyewa a bayan teburina. Na dai farga ina tsaye a ƙofar aji da kofin ruwa a hannu biyu, ina haki kamar 'yar shekara tara, kiɗa ya tsaya, yara talatin da biyu suna kallona. Babu kowa a ƙofar. Na san babu, amma sai da na duba.

Kalpana tana zaune, hawaye yana bin fuskarta har haɓa, ba ta share ba. Na taka na durƙusa na miƙa mata kofin. Ta karɓa da hannu biyu, ta shanye tas.

Da aka tashi rana ta fito ƙwal, ko alamar hadari babu, tasi ma ya zo a kan lokaci. Ina zaune a bayan teburina da babu tukunya a kai, Mubarika tana leƙena daga nata. Aka loda gangunan Ga, aka loda dondo da jembe. Kalpana ta sa ƙaramar tabla a kujerar gaba. Sannan ta juyo da babbar a rungume, ta tako har bakin teburina, ta ajiye ta a gabana.

"Zan aika Indiya a kawo sabuwar fata, zai ɗauki wata uku," in ji ta. "Ban ce na daina jin zafi ba, Mma. Zan daɗe ina ji. Amma yara suna son kiran nan, kuma naken zai buƙaci mai gyara shi." Ta tura gangar wajena. "Ki ajiye mini."

Na ɗora hannu a kan gangar. Ta kai bakin mota ta waiwayo.

"Kada ki wanke."

Mubarika ta tuntsire da dariya har ta kusa kifar da kokonta.

Gangar tana ɗakina yanzu, a kan akwatin wata Hajiya. Duk Laraba ina kai ta, ina dawowa da ita. Tagullar ta cika da shatin yatsun yara, wani da man shito, yajin waakye, wani da alli, har da na wani mai cin alewa. Kullum da safe ina ganinsu, hannuna yana ƙaiƙayi, ga lemon tsami a kwando. Sai in ja zane in rufe ta, in fita wajen tukwanena.